Rubutun gindin ƙwanso: daga ina harsasan suke fitowa?

Duk lokacin da 'yan bindiga suka afka wa wani ƙauye a Chikun ko Kajuru, kafin hantsi hoto iri guda ya fara yawo a wayoyin mutanen Narayi: tafin hannun wani bawan Allah cike da ƙwanson harsasai, wasu ja-ja, wasu ruwan toka, an tsinto su a bakin gona ko a ƙofar gidan da aka ɓalla. Daga nan sai gardama ta kaure, a teburin mai shayi, a cikin keke mai zuwa Barnawa, a harabar coci bayan an tashi sujada, a ƙofar masallaci bayan la'asar. Wani ya ce kayan Libiya ne, tun faɗuwar Gaddafi suke kwararowa. Wani ya ce ina, na gwamnati ne, daga bariki ake fitar da su. Na uku ya yi nuni wajen Kakuri ya ce ai ga masana'antar nan a kusa da mu, wa ya san abin da ke fita ta ƙofar baya?

Ba neman abin faɗa ne ke sa mutane wannan musu ba. Narayi a Ƙaramar Hukumar Chikun take, inda aka kwashe ɗaliban Jami'ar Greenfield a Afrilun 2021, da na makarantar Bethel Baptist a Yulin shekarar, da yaran Kuriga a Maris na 2024. Da wuya ka sami layi a unguwar da babu mai ɗan'uwa a ƙauyukan da abin ya shafa. Wanda ya binne nasa yana da haƙƙin sanin hannun da harsashin ya bi kafin ya iso. Kuma ƙwanson da ke cikin hoton yana ɗauke da wani ɓangare na amsar, a rubuce. Matsalar ita ce mun saba ɗora masa maganar da bai faɗa ba, wadda ya faɗa kuwa ba mu tsaya mun karanta ba.

Abin da muke kira harsashi abu huɗu ne a haɗe: ƙwayar da ke fita ta yi ɓarna, garin albarushin da ke ingiza ta, 'yar hular wuta da allurar bindiga ke sara, sai ƙwanson da ya riƙe su duka. Idan aka ja kunama ƙwaya ta tafi, albarushi ya ƙone, ƙwanso kuma ya yi tsalle ya faɗi kusa da ƙafar maharbin. Farkon abin da zai gaya maka shi ne irin bindigar. Gajere mai ɗan tsukewa zuwa sama, wanda ake rubutawa 7.62x39, na AK-47 ne da danginta; lambar farko kaurin ƙwaya ce a milimita, ta biyu tsawon ƙwanso, kuma Tarayyar Sobiyet ce ta ƙirƙiro shi a 1943. Wanda ya fi shi tsawo, 7.62x51, na G3 da FN ne, bindigogin da sojojin Najeriya suka daɗe suna saɓawa. Akwai mai leɓe a gindi, 7.62x54, na bindiga mai jigida ƙirar Rasha, wanda asalinsa ya koma 1891 tun zamanin sarakunan ƙasar. Akwai ƙato mai kaurin 12.7 na manyan bindigogin da ake girkawa a bayan mota. Lokaci-lokaci kuma sai a ci karo da tsohon .303 na Ingila, abincin bindigar Mark 4 da 'yan sanda suka riƙa ɗauka a da.

Sai ka juya gindinsa, ka goge ƙasar da babban yatsa. Za ka ga ɗan da'ira a tsakiya da lotsawar allura a kansa, wani lokaci an zagaye shi da jan fenti ko kore. A gefe kuma, a zagaye, ga wasu 'yan lambobi ƙanana an buga su cikin ƙarfen, sai ka karkata shi ga haske kafin su fito. Yawanci biyu ne, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Misali 71 a sama, 98 a ƙasa: masana'anta mai lamba 71 a Sin, shekarar 1998. Lambobin 61 da 811 da 945 su ma na Sin ne. Lamba 539 ta Tula ce a Rasha, 3 ta Ulyanovsk, 17 ta Barnaul, 711 ta Klimovsk. Lamba 10 ta Bulgeriya ce, 04 da 05 na tsohuwar Jamus ta Gabas, ƙasar da ta daina wanzuwa tun 1990 amma harsasanta ba su daina kashe mutane ba. Haruffan PPU na masana'antar Prvi Partizan ne a Sabiya, RG na Radway Green a Ingila. Gicciye a cikin da'ira alama ce ta ma'aunin ƙungiyar NATO. Idan kuwa ka ga OFN, wannan namu ne, Kaduna aka buga shi.

Masana'antar da ake nunawa da yatsa tana da tarihin da ya kamata mutanen kudancin kogin Kaduna su sani. A 1964 majalisar tarayya ta kafa hukumar ƙera makamai, wadda yau ake kira DICON, aka ɗauko kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma ya girka injinan a Kakuri. An tsara ta ne ta riƙa fitar da bindigogin BM59 na Beretta, da harsashi miliyan 12 na 7.62x51 da miliyan 4 na milimita 9 a shekara. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya sa aikin ya ninka. Da aka daina yaƙi sai ciniki ya mutu, masana'antar ta shiga halin ni-'yasu a shekarun 1970, har ta koma yin kujeru da famfunan ruwa don ta rayu. Daga baya ta farfaɗo a hankali, ta haɗa FN da G3, ta fito da nata samfurin AK mai suna OBJ-006. Abin lura shi ne a tsawon waɗannan shekaru ba ta taɓa ƙosar da buƙatar ƙasar ba. Mafi yawan abin da sojoji da 'yan sanda ke harbawa sayo shi ake yi daga waje. Don haka ganin lambar Sin ko ta Sabiya a ƙwanso bai wanke rumbun gwamnati ba, kamar yadda ganin OFN bai isa a kama wani ma'aikacin Kakuri ba.

Me ya sa masu bincike suka fi bin sawun harsashi a kan bindiga? Bindiga ba ta ƙarewa. AK da aka ƙera a 1975 tana nan tana aiki, ta bi hannu goma, an kankare lambarta. Harsashi kuwa sau ɗaya ake harba shi. Ɗan bindigar da ya ɓarar da ɗari a daren jiya dole ya nemi wani ɗari kafin hari na gaba, kuma dole wani ya kawo masa. Shi ya sa ake yawan kama 'yan aike a hanyoyin Kaduna, Zamfara da Katsina da harsasai a jarkar manja, a buhun hatsi, a cikin ƙofar mota. Shekarar da ke jikin ƙwanso tana da amfani a nan. Idan duk abin da aka tsinta a wuri guda na shekarun 1970 da 1980 ne daga masana'antu barkatai, alama ce ta tsohon kaya da ya daɗe yana yawo a kasuwar bayan fage. Idan kuwa aka ga ƙwanso ɗari duk masana'anta ɗaya, duk shekara ɗaya, shekarar kuma ba ta yi nisa ba, to wani ya buɗe sabon akwati, kuma tazarar da ke tsakanin masana'anta da daji gajeriya ce. A nan ne tambaya take da amsa.

Tsohon kayan kuwa yana da yawa fiye da yadda ake zato. A zamanin yaƙin cacar baka ƙasashen gabashin Turai da Sin sun tara harsasai biliyoyi don yaƙin da bai zo ba. Sun zuba su a gwangwanayen ƙarfe da aka liƙe ruf, iska ba ta shiga, 440 a kowane gwangwani idan na mai jigida ne, gwangwani biyu a akwatin katako. Harsashin da aka adana haka yana iya yin shekara hamsin ya tashi. Bayan 1990 waɗannan ƙasashe suka rage sojoji, rarar ta zama kaya, dillalai suka saye ta a arha. Wani kaso ya tafi shagunan maharba a Amurka, wani kaso ya gangaro Angola, Laberiya, Saliyo da Kwango. Har gwamnatin Amurka an taɓa yi mata sakiyar da ba ruwa: a 2007 wani kamfani mai suna AEY, da ya sami kwangilar kusan dala miliyan 300 don kai wa sojojin Afganistan harsasai, ya kwaso tsofaffin harsasan Sin daga rumbunan Albaniya, ya fitar da su daga akwatunansu ya sake musu mazubi don a ɓoye asalinsu, saboda dokar Amurka ta hana sayen na Sin. Lambobin gindin ƙwanso na cikin abin da ya tona asirin.

A Turai da Amurka akwai mutanen da tara harsasai shi ne abin sha'awarsu. Suna da ƙungiyoyi da mujallu, suna jera su a aljihunan tebur kowanne da takardar bayaninsa, su auna nauyi, su yanka wasu biyu don ganin ciki, su shekara suna musu a kan lamba guda. Mai karatu a Narayi zai iya cewa wannan aikin waɗanda ba su san zafin harsashi ba ne, kuma ba zan ga laifinsa ba. Sai dai ilimin da suka tara shi ne masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya da cibiyoyi irin su Small Arms Survey ta Janeba ke jingina da shi yau. Su ne suka lura cewa lamba 21 masana'antu biyu ne ke amfani da ita, ɗaya a Folan ɗaya a Hangari, kuma ana bambanta su da yadda aka juya lambar shekara. Su ne suka gano cewa rubutun ma yana iya zama na jabu. Akwai harsasai masu tambarin LC 52, wanda na masana'antar Lake City ne a Amurka, amma a Sin aka yi su. Akwai masu RG 60 kamar na Ingila, alhali ƙwansonsu baƙin ƙarfe ne da aka yi wa wankan jan ƙarfe, abin da Radway Green ba ta yi. Ita ma Amurka a lokacin yaƙin Biyetnam ta buga harsasan AK da babu rubutu ko ɗaya a gindinsu, don kada a ce daga gare ta suka fito.

Saboda haka gwani ba ya tsayawa a lamba. Yana kara maganaɗisu ya ga ƙwanson tagulla ne ko ƙarfe. Yana leƙa ciki ya ga ramin wuta ɗaya ne a tsakiya ko biyu a gefe, domin masana'antun Amurka da na tsohuwar Sobiyet ba tsari ɗaya suke bi ba. Yana duba launin fentin da aka toshe hula da shi, da siffar haruffa, da yadda aka datse wuya. Kowace masana'anta tana da hannunta, kuma mai kwaikwayo bai cika dacewa da duka ba.

Labarin da ya fi nuna ƙarfin wannan aiki ya ratsa ta Najeriya. A 2006 wani mai bincike ɗan Ingila, James Bevan, ya ci karo da wasu harsasan AK a yankin iyakar Kenya da Yuganda. Masu kyau ne, na tagulla, amma babu lambar masana'anta a jikinsu. Ba wanda ya san mai su. A shekarun da suka biyo baya irinsu suka riƙa ɓullowa a Gini, Kodibuwa, Kwango, Sudan da Nijar, a hannun sojojin gwamnati da na 'yan tawaye. Sai a Oktoban 2010 jami'an tsaro suka buɗe kwantena 13 a tashar Apapa ta Legas, waɗanda aka rubuta kayan gini ne a ciki, suka tarar da rokoki da gurneti da harsasai. Kayan daga Bandar Abbas na Iran aka yi lodinsu, kuma a Mayun 2013 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta yanke wa wani ɗan Iran, Azim Aghajani, da abokin hulɗarsa ɗan Najeriya ɗaurin shekara biyar-biyar. Harsasan Apapa da mazubinsu na cikin hujjojin da suka haɗa zaren. A Disambar 2012 cibiyar Conflict Armament Research ta fitar da rahoto cewa harsasan nan marasa suna na Iran ne, kuma an same su a ƙasashen Afirka tara. Shekara shida aka yi ana tara ƙwanso ɗaya bayan ɗaya, ana ɗaukar hoto, ana rubuta wuri da rana, kafin a iya faɗin wannan jimla guda.

A nan ne nake ganin gardamarmu take kuskure. Ko an karanta rubutun daidai, abin da ya faɗa shi ne inda aka yi harsashin da shekarar da aka yi shi. Bai faɗi wanda ya saya ba, balle wanda ya harba. Kamar buhun taki ne: sunan kamfani a jikinsa ba zai gaya maka ko manomi ya saya a kasuwa ba, ko rabon gwamnati ne wani ya karkatar. Masana'anta guda a Sin tana iya sayar wa Najeriya, Nijar, Chadi, Mali da Sudan harsashi mai lamba ɗaya a shekara ɗaya. Lambar da ke rarrabe su, wato lambar zubi, ba a jikin ƙwanso take ba, a jikin gwangwani da akwati take, su kuwa 'yan safara abin da suke fara yarwa ke nan.

Ko OFN ɗin da aka tsinta a bakin ƙauye yana da hanyoyi da dama na isa wurin. Mai yiwuwa sojan da ya kawo ɗauki ne ya harba shi. Mai yiwuwa an kwashe shi ne daga sansanin da aka ci da yaƙi, kamar yadda ya faru a Metele ta Jihar Borno a Nuwambar 2018, ko daga ofishin 'yan sanda da aka fasa. Mai yiwuwa kuma wani mai kaki ne ya sayar. Hanyoyin nan uku laifinsu ba ɗaya ba ne, maganinsu ma ba ɗaya ba ne, amma a tafin hannu duk kamarsu ɗaya. Abin da ya faru bayan harbin Lekki na 20 ga Oktoban 2020 ya nuna iyakar abin. Tashar CNN ta ce ƙwanson da aka tsinta a wurin na Sabiya ne, kuma Najeriya ta yi ta sayen makamai daga can tsakanin 2005 da 2016. Ministan yaɗa labarai na lokacin, Lai Mohammed, ya yi watsi da rahoton. Sojoji sun ce harsashin ƙara kawai suka harba, wanda ba shi da ƙwaya, kuma ana gane ƙwansonsa da tsukakken baki. Daga baya Birgediya Ahmed Taiwo ya amsa a gaban kwamitin bincike cewa sun je da masu ƙwaya ma. Tambarin Sabiya ya ƙarfafa zargi, amma shi kaɗai bai rufe bakin kowa ba, domin babu lambar da ta ɗaure ƙwanson da wata bataliya.

Maganar Libiya gaskiya ce, amma ta yi mana daɗin faɗi fiye da kima. Bayan 2011 rumbunan Gaddafi sun fashe, kaya sun bi ta Agadas da arewacin Mali sun bazu. Sai dai binciken da Conflict Armament Research ta wallafa a 2016 kan yankin Sahel ya nuna kwararar ta ragu, tunda su kansu 'yan Libiya suna buƙatar makaman a yaƙinsu, kuma kaso mai yawa na abin da ke hannun 'yan tada ƙayar baya daga rumbunan gwamnatocin yankin ya fito, irin su Mali da Kodibuwa. A Janairun 2020 cibiyar ta fitar da wani rahoton a kan makaman da aka ƙwace a Kaduna, Katsina da Zamfara. Ta ga na Libiya da na Kodibuwa.  Ta ga bindigogin farauta na Turkiyya da aka shigo da su ta tashar Legas, da tarin ƙirar maƙeran gida. Ta kuma ga waɗanda asalinsu na jami'an tsaron Najeriya ne. Duk masu musun teburin mai shayi kowa ya riƙe wani yanki na gaskiya.

Yankin da ya fi ciwo shi ne na gida, kuma Kaduna ta san shi. A Nuwambar 2008 kotun soja a nan garin ta yanke wa Manjo Suleiman Akubo da wasu sojoji biyar ɗaurin rai da rai bisa sayar da makamai kimanin 7,000 daga ma'ajiyoyin Jaji da Kaduna ga tsagerun Neja Delta. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce an kasa ba da bayanin makamai 178,459 na 'yan sanda, ciki har da AK-47 guda 88,078, ko da yake rundunar ta yi jayayya da yadda aka fassara wasu daga cikin alƙaluman. A Mayun 2025 rundunar Operation Hadin Kai da bakinta ta ce an kama sojoji 18 da 'yan sandan kwantar da tarzoma 15 kan safarar makamai. Da ɗan gari akan ci gari. Ina faɗin wannan ne ina sane da cewa waɗanda harsashin sata ya fi kashewa har da sojojin da ke kwana a daji a Birnin Gwari, waɗanda da yawansu iyalansu na haya a Narayi, Sabon Tasha da Unguwar Romi. Bindiga tana da lamba, idan ta ɓata akwai wanda za a tambaya. Harsashi kuwa wanda aka ba ɗari biyu ya dawo ya ce ya harbe su a artabu, da wuya a iya ƙaryata shi.

Akwai ƙasar da ta toshe wannan kafa, ko da ba duka ba. A 2003 Barazil ta yi dokar da ta wajabta cewa duk harsashin da za a sayar wa 'yan sanda da sojoji sai an zana lambar zubi a jikin ƙwanson kansa, a ɗan kwarin da ke saman gindi, a kuma rubuta hukumar da aka ba. A Agustan 2011 aka harbe wata alƙaliya, Patrícia Acioli, a ƙofar gidanta a Niterói. Ƙwanson da aka tsinta ya nuna zubin da aka raba wa 'yan sandan jihar, bincike ya bi wannan zare, aka ɗaure 'yan sanda 11 har da kwamandan bataliya. A Maris na 2018 aka kashe 'yar majalisar birnin Rio, Marielle Franco, da harsasai masu lamba UZZ-18, zubin da aka sayar wa 'yan sandan tarayya a 2006. Nan kuma sai wani gibi ya fito: zubin ya kai kusan harsashi miliyan biyu, an rarraba shi ko'ina a ƙasar, don haka lambar ta nuna hukuma amma ba ta nuna ma'ajiya ba. Zubi sai ya zama ƙarami kafin lambarsa ta yi amfani. Ƙa'idar da Barazil ta rubuta wa kanta ita ce harsashi 10,000 a zubi guda.

Ba sabon abu ba ne a wurinmu a takarda. Yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai, wadda aka sanya wa hannu a Abuja a Yunin 2006, ta tanadi a sa wa harsasai lambar zubi, sunan masana'anta, ƙasa da shekara. A 2021 aka kafa cibiyar ƙasa ta hana yaɗuwar ƙananan makamai ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, a 2024 aka ba ta doka. Abin da ya rage shi ne aiki, kuma yana farawa ne daga wurin da aka yi harbi.

A yanzu abin da ke faruwa da ƙwanson bayan hari abin takaici ne. Matasa su kwashe su cusa aljihu don nuna wa 'yan jarida ko ɗan majalisa. Yara su ɗauka su mayar usur. 'Yan gwangwan su tsince na tagulla su kai Panteka a auna a kilo. Na wurare uku su haɗu a leda guda, ba a san wanne ya fito daga ina ba. Hoton da ake yaɗawa kuma kusan kullum daga gefe ake ɗaukarsa, gindin da ke da rubutu yana kallon ƙasa. Bayan lambar masana'anta, kowace bindiga tana barin nata tabo a ƙwanso, na allura da na ƙugiyar da ke fizgo shi, wanda a ɗakin bincike za a iya gane cewa bindigar da ta yi kisa a Kujama ita ce ta yi a Kajuru wata uku baya. Duk wannan yana lalacewa idan ƙwanson ya yi mako yana gogayya da makullai a aljihu.

Ga mutumin gari shawarar a bayyane take. Dokar makamai ta 1959 ta haramta riƙe harsashi ba tare da lasisi ba, don haka irin tarin da Turawa ke yi a gida ba shi da gurbi a nan, kuma ko ƙwanson da aka riga aka harba yana iya jefa saurayi cikin bayanin da ba zai iya fita ba a shingen bincike. Wanda ya gani ya bar shi a inda yake, ya ɗauki hoton gindin kusa-kusa a cikin haske tare da wurin, ya sanar da mai unguwa da 'yan sanda. Harsashin da bai tashi ba, ko wani ƙarfen da ba a gane ba, kada a taɓa, kada a jefa a wuta. Tsohon albarushi ba ya da amana ko a hannun masu shi: fashewar ma'ajiyar barikin Ikeja a ranar 27 ga Janairun 2002 ta ci rayuka sama da 1,000, kuma a Satumbar 2025 an sami fashewa a harabar DICON da ke Kurmin Gwari a lokacin da ake lalata kayan da wa'adinsu ya ƙare.

Tarin da muke buƙata na hukuma ne. A kowane hari a sami jami'in da aikinsa shi ne ya kwashe ƙwanso kafin taro ya tattake wurin, ya ware na kowane gefe, ya rubuta lamba, shekara, wuri da rana a kundi guda na jiha. A gefe guda kuma a ajiye samfurin kowane irin harsashi da sojoji, 'yan sanda, Sibil Difens da Kwastan suka taɓa karɓa, don a sami abin kwatantawa. Wannan bai kai kuɗin motar sulke guda ba. Cikin shekara biyu irin wannan kundi zai nuna ko sabon kaya ne ke shiga dajin Birnin Gwari ko tsoho, ko 'yan bindigar arewa da na kudancin jihar dillali ɗaya ke ciyar da su, ko kuma wani zubi ya fara ɓulla a daji watanni kaɗan bayan an sauke shi a wata ma'ajiya.

A Nuwambar 2023 aka sanya hannu a sabuwar dokar DICON, wadda ta buɗe mata ƙofar haɗa gwiwa da kamfanoni masu zaman kansu don faɗaɗa aiki. Lokacin da ake girka sababbin injina shi ne lokacin da ya fi sauƙi a saka na'urar zana lambar zubi a layin, a kuma sa sharaɗin a duk kwangilar da za a ba masana'antun waje. 'Yan majalisar da ke wakiltar Chikun da Kajuru da Kaduna ta Kudu suna da hurumin tambayar wannan a zaman kasafin kuɗin tsaro: harsashi nawa ne a zubi guda, wace runduna aka ba, kuma wa ke riƙe da kwafin rajistar ban da rundunar da ta karɓa.